Yadda Ake Goge Allon Taɓawa da Dashbod Ɗin Mota Ba Tare da An Yi Ɓarna Ba

Duk wanda ya ajiye mota a waje a Kano ko Damagaram cikin watan Janairu ya san cewa kafin la'asar ana iya rubuta suna da yatsa a kan dashbod, ko da an rufe gilasai ruf. Abin da hannu ya saba shi ne a jawo tsumman da ke aljihun ƙofa, ko a kama bakin riga, a share allon sau biyu a wuce. To, wannan sharewar ita ce ke cin allon. Ƙurar hunturu a ido laushi gare ta, amma a cikinta akwai ɓarɓashin yashi, kuma a ma'aunin taurin ma'adanai na Mohs mai hawa 10, yashi yana hawa na 7, gilashi na yau da kullum yana wajen 5 da rabi, roba kuwa tana can ƙasa. Idan ka danne ƙura da tsumma ka ja ta a kan allo, kamar ka sa samfefa ne ka goge shi. Ba za ka ga illar a ranar ba. Sai bayan wasu watanni, rana ta faɗo a kan allon, ka ga ya cika da siraran zane, ya dushe, taswira da kyamarar baya duk sun yi hazo-hazo. Saboda haka duk aikin a kan abu ɗaya yake tsaye: a ɗauke ƙura tukuna, sannan a yi maganar gogewa.

San irin allon da ke motarka

Allunan mota iri biyu ne. Akwai na da, wanda sai an ɗan danna shi yake amsawa, kuma shi aka fi samu a tsofaffin motocin Kwatano masu allon asali daga kamfani. Fuskarsa roba ce mai laushi, ba gilashi ba, don haka ya fi saurin karcewa, kuma dannawa da ƙarfi tana iya kashe wani sashe nasa. Akwai kuma na yanzu, irin na wayar hannu, wanda taɓawar fatar yatsa kawai yake ji. Sababbin motoci da yawancin allunan Android da ake sa wa mota a kasuwa irinsa ne. Gane bambancin ba wuya: ka ɗan danna shi a hankali da murfin biro. In ya amsa, na roba ne. In ya yi shiru, na gilashi ne.

Kada na gilashin ya sa ka saki jiki. A samansa akwai wani siririn shafi da ido ba ya gani, wani don rage ƙyallin rana, wani don hana maiƙon yatsa kamawa. Shafin nan shi ne abin da ake tattali, domin in ya fara ɓarewa allon yakan yi dabbare-dabbare, kuma ba a mayar da shi. Sai dai a canza fuskar allon ko a rufe aibin da leda.

Kayan aiki

Babban abin buƙata shi ne ƙyallen maikurofaiba, wannan mai laushi da ake sayarwa a shagunan kayan mota da manyan kantuna. Ka samu guda 3 masu launi daban-daban, don kada su cakuɗe maka: ɗaya na dashbod, ɗaya na tsanewa, ɗaya kuma na allo shi kaɗai, wanda ba zai taɓa komai ba sai allo da murfin agogon mota. Na allon ka fi son mai santsi, irin wanda ake goge tabarau da shi. In ƙyallen yana da takardar kamfani ɗinke a gefe, ka yanke ta, ita ma tana karce roba.

Sai buroshi mai taushin gashi. Sabon buroshin hoda na kwalliyar mata ya fi duk wani abin da na sani kyau a wannan aiki, kuma ba shi da tsada. Sai dai a sayo sabo, kada a ɗauko na uwargida, don akwai maiƙo a jikinsa. Ƙaramin buroshin fenti mai laushi zai yi wa ramukan iskar esi. Ka haɗa da tsinken auduga na goge kunne, da ƙaramar robar feshi, da ruwan sabulun wanke kwanuka mara ƙarfi. In kana da na'urar zuƙe ƙura, ta rage maka rabin wahala.

Maganar ruwa tana buƙatar a tsaya a kanta. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan ɗauko gishirin ƙasa, in sun bushe su bar farin tabo a kan allo. Wanda ya fi dacewa shi ne tataccen ruwa da aka tara daga tururi, ana samunsa a manyan kemis. Masu cajin batir ma suna sayar da shi, amma a nan sai an yi hattara ƙwarai, domin abin da ake kira ruwan batir a bakin mutane yana iya zama tataccen ruwan, yana iya zama asid. In ba ka ga an rubuta a jikin gorar ba kuma murfinta a rufe, kada ka kai shi kusa da motarka. Ruwan gora na sha ya wadatar in babu wancan.

Abubuwan da ba su da wuri a wannan aiki: tishu da takardar jarida da tsohuwar singileti, saboda zarensu yana karce roba, ruwan wanke gilashin taga, saboda da yawansu akwai amoniya mai cinye shafin allo, Hypo da Jik da Omo, fetur da kananzir da tina da ruwan cire jan farce. Tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, da ruwan cire jan farce narkar da fuskar roba suke yi nan take.

Mataki na farko: inuwa, sannan a kwashe kaya

Kada ka fara aiki a kan dashbod mai zafi. Wani bincike da masana na Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka suka fitar a 2018 ya nuna cewa motar da ta yi awa 1 a rana, a yinin da zafin waje ya haura digiri 37, dashbod ɗinta yakan kai kusan digiri 70. Ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba ta gaza wannan ba. A irin wannan zafi duk ruwan da ka shafa zai bushe kafin ka tsane shi, ya bar sawu, robar ma ta yi laushi. Ka nemi inuwa, ka buɗe ƙofofi, ka jira har sai ka iya ɗora tafin hannunka a kai ba tare da ka ji zafi ba. Da sassafe ya fi.

Ka kashe motar ka cire makulli. Baƙin allo ya fi nuna datti, kuma ba za ka riƙa danna abubuwa cikin rashin sani ba. Wasu motocin suna da wurin kashe allo a cikin saiti. Motar lantarki ta Tesla ma ta tanadi wani yanayi na musamman da ke kulle allon don a goge shi.

Sai ka kwashe duk abin da ke kan dashbod: carbi, takardu, kwalin tishu, kwalbar turare, waccan shimfiɗa mai gashi in akwai. Ka fitar da tabarmin ƙafa ka kakkaɓe su nesa da motar, ka zuƙe ƙurar kujeru. In ka bar wannan sai ƙarshe, ƙurar da za ta tashi a kan allon da ka gama gogewa za ta sauka. Dalilin ke nan ma da ya sa allo ne abu na ƙarshe da za a taɓa, duk da shi ne ya fi tsole ido.

Mataki na biyu: ɗauke ƙura a bushe

Ka fara daga sama, daga gindin gilashin gaba, ka riƙa sharo ƙurar da buroshi zuwa wajenka, bakin na'urar zuƙa yana kusa yana kamawa. Kada bakin na'urar ya taɓa robar, shi ma yana barin zane. In babu na'ura, ka riƙe ƙyalle mai ɗan danshi a ƙarƙashin inda kake sharewa, ƙurar ta faɗa a kai.

Ramukan iskar esi su ne ma'ajiyar ƙura. Ka sa buroshin fenti tsakanin faifayensu, ka juya su sama da ƙasa kana sharewa, amma a hankali, ƙananan maƙalansu saurin karyewa gare su. Sai kewayen maɓallai, da lungun giya, da wurin ajiye kofi, da bayan sitiyari inda ba kowa ke tunawa da shi ba.

Mataki na uku: wanke dashbod

Ka zuba ruwa kamar rabin lita a roba, ka ɗiga sabulu ɗigo 2 ko 3, ka motsa. In ya yi kumfa sosai, sabulun ya yi yawa. Wanda ya sayi ruwan goge cikin mota na musamman, ya yi amfani da shi bisa umarnin da ke jikin kwalbar. Ko wanne ne, ka fara gwada shi a wani ɓoyayyen wuri, kamar ƙasan akwatin gaban fasinja, ka jira ya bushe ka ga ko launi ya canza.

Ka ninka ƙyallen dashbod gida huɗu. Haka zai ba ka fuska 8 masu tsabta, in ɗaya ta yi datti ka juya. Ka jiƙa shi ka matse sosai har sai ba ɗigo ko ɗaya. Idan da robar feshi kake aiki, a jikin ƙyallen za ka fesa, kuma ka juya baya ga motar lokacin fesawar. Ba a fesa komai kai tsaye a kan dashbod, domin ƙarƙashinsa wayoyi ne da lasifika da na'urori, kuma ruwa yana bin duk wata kafa da ya samu. A tsakiyar dashbod kusa da gilashi, motoci da yawa suna da wani ɗan ƙaramin ƙoƙo baƙi. Shi ke auna hasken rana don esi ko fitilu masu kunna kansu. Ka goge shi a hankali, kada ka jiƙa shi, kada kuma ka rufe shi da shimfiɗa.

Ka riƙa ɗaukar wuri kaɗan-kaɗan: ka goge faɗin taki biyu, ka bi da busasshen ƙyalle, ka matsa gaba. Inda datti ya shige cikin ƙananan ramukan fatar robar, ka ɗan jiƙa bakin buroshi ka murza a hankali, sannan ka tsane. Maɓallai kuwa tsinken auduga mai ɗan danshi ya ishe su. Kada ka dirje rubutun da ke kansu, fenti ne, yana gogewa.

Sitiyari ya fi ko'ina datti saboda gumi da man shafawa. Ruwan sabulun nan ya ishe shi, ka bi da ƙyalle mai ruwa zalla, ka tsane sosai. Tsakiyarsa da gefen fasinja inda aka rubuta alamar jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta tare mutum a lokacin haɗari, kada ka sa musu wani sinadari mai ƙarfi, kada ka liƙa sitika ko wani ado. An ƙera wannan murfi ne don ya tsage ta wani layi idan haɗari ya auku, kuma duk abin da ke kansa a fuskar mutum zai sauka.

Mataki na huɗu: allon

Yanzu ka wanke hannunka, ka ɗauko buroshin hoda, ka karkaɗe shi, ka share fuskar allon daga sama zuwa ƙasa ba tare da ka danna ba, gashin kawai ya riƙa shafarsa. Ka bi gefunansa huɗu inda ƙura ke maƙalewa. Ka duba ta gefe da hasken tocilar waya. In ka ga sauran ɓarɓashi, ka sake. Wannan minti ɗayan shi ne mafi muhimmanci a duk aikin, kuma shi ne wanda kowa ke tsallakewa.

Sai ka ɗauko ƙyallen allo, ka karkaɗe shi shi ma, ka fesa wa kusurwa ɗaya tataccen ruwa sau ɗaya. Danshi ake so, ba jiƙa ba: in ka ɗora shi a bayan hannunka ka ji sanyi amma bai bar ruwa ba, ya yi daidai. Ka shimfiɗa shi a kan yatsu uku ko huɗu, ba yatsa ɗaya ba, don kada nauyi ya taru a wuri guda. Ka ja daga hagu zuwa dama a miƙe, layi bayan layi, har ƙasa. Ni na fi son jan miƙe a kan murzawa a zagaye, domin ko da wani ɓarɓashi ya tsere maka, zanen miƙe bai kai na zagaye kama haske ba. Kada ka tsaya da ƙyalle mai danshi a gefen allon na ƙasa, nan ne ruwa ke samun hanyar shiga. Daga nan ka juya busasshiyar fuskar ƙyallen ka bi sau ɗaya.

In akwai tabon da ya ƙi fita, kamar maiƙon tsire ko ɗigon lemo da yara suka bari, kada ka ƙara ƙarfi, kada ka sa farce. Ka ɗora kusurwa mai danshin a kansa na daƙiƙa 10 zuwa 15 ya jiƙa, sannan ka ɗauke. In ya ƙi, ka taɓa ruwan sabulun nan kaɗan, ka bi da ruwa zalla, ka tsane. Akwai kuma ruwan goge allo na musamman. Ka nemi wanda aka rubuta babu amoniya babu sifirit a cikinsa.

Maganar sifirit ɗin ce ke rikita mutane. A shekarar 2020, lokacin korona, kamfanin Apple ya ce ana iya goge wayoyinsa da ƙyalle mai sifirit na aisofurofil kashi 70 cikin 100, sai mutane da yawa suka ɗauka kowane allo haka yake. Allon mota ba lallai ya jure ba. Littafin Tesla, alal misali, ya hana ruwan wanke gilashi da sanitaiza da tishu mai danshi a kan allonta. Kamfanoni sun bambanta, don haka littafin motarka ne alƙali. In ya ɓace, galibi ana samunsa a intanet da sunan motar da shekararta. In ba ka samu ba, ka tsaya ga ruwa. Kuma in ka shafa sanitaiza, ka bari hannunka ya bushe kafin ka taɓa allo ko sitiyari.

Murfin da ke kan agogon gudu da na mai, wanda mutane ke ɗauka gilashi ne, roba ce, kuma ta fi allon saurin karcewa. Haka ma baƙar robar nan mai sheƙi da ake zagaye giya da allo da ita a sababbin motoci. Duk yadda ka bi da allo, haka za ka bi da su: buroshi, danshi, jan miƙe, babu dannawa.

Man ƙyalli da turare

A wurin wankin mota, ana gamawa yaro zai ɗauko gwangwanin feshi ya yi wa dashbod wanka har ya riƙa walƙiya, mai mota ya ji daɗi ya ƙara masa wani abu. A ganina wannan kuɗin asara ne. Man yana barin maiƙo, maiƙo kuwa yana kama ƙura, ka ga kwana biyu dashbod ya fi da datti. Mafi muni, ƙyallin yana haskawa a gilashin gaba da tsakar rana ya rage maka ganin hanya, turirinsa kuma ya bar wani hazo a cikin gilashin da ke watsa hasken fitilun masu tahowa da dare. In ya taɓa sitiyari ko feda, santsi ne. In kana son kariya daga rana, ka nemi irin wanda tun daga kamfani da ruwa aka haɗa shi, mara ƙyalli, ka shafa kaɗan a ƙyalle, ka goge, ka tsane rarar.

Turare ma yana ɓarna fiye da yadda ake zato. Turaren mai da ake ajiyewa a kan dashbod, ko wanda ake maƙalawa a ramin esi, in ya ɗiga a kan roba ya kwana yana iya cin fentin ya bar tabo mai danƙo. In ya zube, ka dangwale shi nan take da busasshen ƙyalle, kada ka shafe shi ya bazu, sannan ka bi da ruwan sabulu.

Akwai kuma dashbod da ke yin danƙo da kansa, ya riƙa sheƙi kamar ya jiƙe, yana kama yatsa. An san wasu motoci da wannan, ciki har da Camry ta 2007 zuwa 2011 da ake kira Muscle a Najeriya, har Toyota ta canza wa masu irin waɗannan motoci dashbod a Amurka. Wannan ba datti ba ne, robar ce zafi ya lalata. Dirzawa da fetur ko tina ƙara ɓata ta suke yi. Ka goge shi sama-sama da danshi, ka sa masa murfi wanda aka yanka daidai da motar, mai barin wurin jakar iska da ramukan iska a buɗe, ko ka canza shi in da hali.

In za ka ba masu wankin mota

Ba kowa ke da lokacin yi da kansa ba. In za ka bayar, ka faɗa tun kafin a fara, cikin mutunci: “Ɗan'uwa, don Allah allon nan da agogo ka bar mini su, ni zan goge. Kada kuma a fesa mai a dashbod.” Ba laifinsu ba ne, tsumma ɗaya gare su, da shi aka goge jikin mota da bakin ƙofa, kuma yashi ya riga ya shige shi. In kana so su goge cikin, ka miƙa musu ƙyallenka.

Idan tsautsayi ya sa ruwa ya shiga allon, ka ga yana danna kansa ko gefensa ya yi duhu, ka kashe motar, ka tsane abin da ka iya, ka bar ta a inuwa da gilasai a ɗan buɗe ta kwana. Kada ka hura masa iska mai zafi. In washegari bai dawo daidai ba, ka kai wa rewaya wanda ya san aikin allo.

Rage yawan gogewa

Tunda kowace gogewa tana ɗan cin allon, dabara ita ce a rage buƙatarta. Ka ajiye buroshin hodar a cikin leda a akwatin gaba. Lokacin hunturu shara ɗaya da safe ta isa, gogewa da danshi kuwa sau ɗaya a mako ko mako biyu. Ka sa mayafin gilashin gaba duk lokacin da za ka bar mota a rana. A hanya mai ƙura ka danna maɓallin da ke sa esi ya riƙa juya iskar ciki, amma a doguwar tafiya ka riƙa buɗe wa ta waje lokaci-lokaci don kada barci ya ɗauke ka. Ka duba filtar esi, wadda a motoci da yawa tana bayan akwatin gaban fasinja. In ta toshe ko an cire ta ba a mayar ba, esin ne da kansa zai riƙa feso maka ƙura. Ledar kariya ko gilashin kariya irin na waya ma akwai na allon mota, kuma ga mai yara ya cancanci kuɗinsa.

Ƙyallayen kuwa a wanke su su kaɗai da ruwan sanyi ko mai ɗumi da sabulu kaɗan, ban da sinadarin laushin tufafi, ban da guga, don zafi yana narkar da zarensu. A shanya su a cikin ɗaki, ba a igiyar tsakar gida inda ƙura za ta sake hawa ba. Na allon, in ya faɗi ƙasa ko sau ɗaya, ya koma na goge bakin ƙofa, ka sayo wani.